Me zan ba wanda kullum yana kan hanya? Tambayoyi da amsoshi kan kyautar matafiyi

Mu dai a wurinmu an fi sanin matafiyi da kawo tsaraba, in ya dawo yara su ruga da oyoyo, manya su yi sannu da zuwa ido na kan jaka, amma ba kasafai ake tuna cewa shi ma yana son a miƙa masa wani abu kafin ya fita ba. Alhali guzuri tsohon abu ne, tun zamanin fatake masu zuwa Gwanja sayo goro mata ke kwana suna daka dakuwa da garin fura saboda mai tafiya. Babana ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas, yayana kuma ɗan kasuwa ne da yake zuwa Dubai da Chaina, to na taso cikin haɗa jaka da kwance jaka, na ga kyautar da ake morewa har ta tsufa na kuma ga wadda ake bari a ƙarƙashin gado da ledarta. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi min.

In abu ɗaya kawai zan iya saya, me zan saya?

Fawa bank, ba sai na yi dogon tunani ba. Matafiyin yanzu komai nasa yana cikin waya, tikitinsa, kuɗinsa, lambar wanda zai ɗauke shi a tasha, in wayar ta mutu a tsakiyar hanya ya shiga uku. Amma ka san irin wanda za ka saya, don mutane da yawa suna ɗauka mafi girma shi ne mafi kyau, su je su kinkimo wani ƙato kamar bulo sai an zo filin jirgi a ƙwace. Ƙa'idar da kamfanonin jirgi suke bi ita ce kar ya wuce 100Wh, wato wajen 27,000mAh, abin da ya ɗan haura haka sai da izinin kamfanin. Mai 20,000mAh yana kamawa 74Wh ne, shi ya fi dacewa, zai cika waya sau uku ko huɗu kuma ba mai tsayar da kai a kansa. Ka duba rubutun ƙarfinsa yana jikinsa ɓaro-ɓaro, wanda rubutun ya goge ma ana iya hanawa. Kuma ka gaya wa wanda ka ba ɗin a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin akwatin da za a auna a tura ƙasan jirgi ba, saboda batirin yana iya kamawa da wuta. In mai zuwa Chaina ne akwai ƙari, tun tsakiyar 2025 jiragensu na cikin gida ba sa barin fawa bank da ba shi da tambarin CCC a jiki, wato shaidar ingancin kaya ta ƙasar.

Dan Allah kar ka saya a bakin titi don an yi maka araha. Je ka shagon da za ka iya komawa in ya ba da matsala, a Kano akwai su a Farm Centre da titin Beirut, ka sa a gwada a gabanka.

Maigidana direban tirela ne, wani lokaci sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba. Me zai fi amfanarsa?

'Yar uwa wannan tambayar ta taɓa ni, don rayuwar gidanmu ke nan. Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne, mota da lodi tana iya cin kwana biyu ko uku in hanya ta yi kyau, in kuwa an samu cunkoso wajen Mokwa ko Jebba ko mota ta lalace a daji to sai yadda hali ya yi. Kwanansu a Mararrabar Jos ne, a Tafa, a Ogere, ko cikin kan mota ko a shimfiɗa tabarma ƙarƙashinta. In kin san haka kin san abin da yake buƙata.

Na farko fulas mai kyau wanda yake riƙe zafi da gaske, irin na ƙarfe ciki da waje, ba mai kwalba a ciki ba don wannan gargada ɗaya zai tarwatse. Na biyu gidan sauro irin mai tsayawa da kansa wanda ake naɗewa, saboda da zarar an gangara kudu sauro ba ya wasa, kuma direbobi da yawa zazzaɓin da suke dawowa da shi gida daga nan ne. Sai tocila mai caji wadda ake ɗaurawa a goshi, in ya shiga ƙarƙashin mota da dare hannuwansa biyu suna sake. Sai bargo mara nauyi don lokacin hunturu. In za ki sayi cajar mota ki duba an rubuta 12V zuwa 24V, don manyan motoci 24 suke amfani da shi, cajar ƙaramar mota tana iya ƙonewa.

Amma in gaya miki gaskiya, abin da babana ya fi yi wa murna shi ne ƙullin da Umma take yi masa, yajin ƙuli a gwangwani, garin kunun gyaɗa, dambun nama, da ɗan zuma. Ya ce duk inda ya tsaya ya sayi shinkafa ko da ba daɗi, in ya barbaɗa yajin nan sai ya ji kamar yana tsakar gida. Kin ga wannan ba sai kin je kasuwa neman wani abin a zo a gani ba.

Wai mecece adafta, kuma lallai ne?

Ɗan abin nan ne da ake sa wa kan caja don ta shiga soket ɗin wata ƙasa. Najeriya da Gana da Ingila da Saudiyya da Dubai duk soket mai ƙafa uku masu faɗi ake amfani da shi, mai zuwa can ba ya da matsala sosai. Amma da ka tsallaka Maraɗi ko Damagaram ko Kwatano ko Yawunde ko Njamena sai ka tarar da mai rami biyu zagayayyu irin na Faransa, Chaina da Amurka kuma nasu daban. Akwai guda ɗaya da ta haɗa duka, har da wurin sa wayar USB uku ko huɗu, ita za ka nema. Abu ɗaya, adafta ba ta canza ƙarfin wuta, Amurka 120 suke da shi mu 230, cajar waya da ta laftof suna ɗaukar duka biyun amma dutsen guga ko hita ba lallai ba.

Hajiyarmu za ta tafi Umara, kuma kusan duk shekara tana zuwa. Tana da komai, me zan ƙara mata?

Kar ka ce tana da komai, duba ƙafarta. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya haura kilomita 3, ga ɗawafi, ga tafiya daga masauki zuwa Harami sau biyar a rana, in Hajji ne ga Mina da jifa. Takalmi mai laushi mara nauyi wanda ba ya santsi ya fi mata sabon leshi amfani a can, kuma ka ba ta shi da wuri ta taka shi sati biyu ko uku a gida ya saba da ƙafar, sabon takalmi fil a ranar tafiya kanta yake jawowa. Ka haɗa da safa mai kauri mai ɗan roba a tafinta saboda tayil ɗin masallaci, da 'yar jakar zuba takalmi mai igiya da za ta rataya ta shiga da shi, don ɓatan takalmi a ƙofar Harami kullum ne.

Sai zafi. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, mutum sama da 1,300 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Saboda haka lema mai naɗewa, farar ta fi, da 'yar kwalbar fesa ruwa a fuska, da ƙaramar fanka mai caji, ba kayan ƙawa ba ne. Ka sa mata sabulu da man shafawa marasa ƙamshi saboda kwanakin harama. In Alhaji ne, bel ɗin harami mai aljihu da zif zai ji daɗinsa sosai.

Ni da na yi wa gwaggona, ƙaramar jaka ɗaya na samu na zuba duk waɗannan, na rubuta sunanta da lambar ɗanta a kati na sa ciki. Har yau jakar take ɗauka.

Turare fa? Ai ba wanda ba ya so.

Haka ne, kuma kyauta ce mai kyau in an kula da girman kwalba. A yawancin filayen jirgi, a jakar hannu ba a barin duk wani abu mai ruwa da kwalbarsa ta wuce 100ml, kuma girman kwalbar ake dubawa, ko da saura kaɗan ne a ciki. Na san wanda aka ba babbar kwalbar turare a bakin filin jirgi bayan ya riga ya tura akwatinsa, haka ya bar ta a wurin bincike ransa na ƙuna. Ƙananan kwalabe irin na almiski ko ud masu murzawa sun fi, ko humra a 'yar ƙaramar kwalba mai murfi da ke rufuwa gam a naɗe da leda. Sai dai mai zuwa Dubai ko Saudiyya kai masa turare kamar kai wa Bagwanje goro ne, can ne gidansa.

Zan iya yi masa guzurin kilishi da goro?

Ya danganta da inda za shi, kuma a nan mutane ke jefa 'yan uwansu cikin wahala ba da niyya ba. In cikin ƙasa ne ko maƙwabta, bismillah, kilishi da dambun nama da dabino da aya da gyaɗa da alkaki duk suna jure hanya, mutanen Nijar ma su ƙara da cuku da tukuɗi. Amma Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko kayan madara, busasshe ne ko ɗanye, Amurka ma haka take ƙwace nama, kuma in mutum ya ɓoye aka gano ana iya cin sa tara mai nauyi. To kilishin da ka kashe kuɗi a kai kwandon shara zai ƙare. Goro kuma kar ka kuskura ka sa wa mai zuwa Saudiyya, hukumar alhazai duk shekara sai ta yi gargaɗi a kansa.

Abin da ya fi tafiya lafiya shi ne busassun kayan miya da aka daka, kuka, kuɓewa, yaji, garin ɗanwake, garin kunu. A zuba a leda mai haske a liƙe a rubuta sunan abin a jiki, in an tambaye shi a kwastan ya faɗi abin da ke ciki kai tsaye. Daddawa kuwa sai an ninka mata leda uku a sa a roba mai murfi, in ba haka ba duk shaddojinsa sun ɗauka.

Ina so in saya masa akwati.

Ka fara tambayarsa. Mai yawan tafiya yana da ra'ayi a kan akwati fiye da yadda kake zato, wani mai taya huɗu yake so wani biyu saboda hanyoyin da yake bi, wani kuma Ghana-must-go ce ta fi masa don ba ta da nauyi. Akwati mai nauyi yana cin kilo ɗin kaya, yawancin jirage kilo 23 suke ba da wa kowace jaka, 7 a ta hannu, in akwatin kansa ya cinye 5 ka rage masa. In kana son abin da ya shafi kaya ba tare da ka yi kuskure ba saya masa ƙaramin sikeli na hannu mai ƙugiya. Yayana ya ce a duk abin da na taɓa ba shi ba wanda ya kai wannan, don a da sai ya je gaban kanta a ce kayansa sun yi yawa ya durƙusa yana kwashe atamfofi a gaban mutane ko ya biya kuɗin ƙari, yanzu tun a masauki yake aunawa.

Ɗana ya samu aikin da yake yawan zuwa Turai, ina son abin da zai taimake shi wajen ibada.

Baba, Allah Ya saka da alheri da wannan tunanin. Abu biyu ne. Akwai sallaya ta aljihu, siririya ce mai kamar yadin lema, tana naɗewa ta koma kamar girman waya, wasu ma da kamfas a jiki na duba alƙibla. A filin jirgi ko tashar jirgin ƙasa ko ofis zai shimfiɗa ya yi sallarsa ya naɗe. Na biyu kuma mutane suna jin nauyin faɗa amma duk wanda ya je can ya san zafinsa, banɗakunansu ba buta ba famfon tsarki, takarda ce kawai. Akwai 'yar robar tsarki ta tafiya mai dogon baki da ake matsawa, tana shiga jaka ba wanda zai san mecece. Wallahi wanda ka ba wannan zai daɗe yana yi maka addu'a. Ka ƙara masa da silifas mara nauyi na alwala.

Ƙawata 'yar kasuwa ce, tana zuwa Kwatano da Legas saro kaya, motar dare take bi.

Jakar ciki, irin siririyar da ake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin zani ko abaya, ta sa kuɗi da kati da fasfo. Ita ce ta farko. Sai matashin wuya, don wadda ta kwana zaune a mota ta wayi gari ta shiga kasuwa ta san ciwon wuya, ki nemi mai hurawa da baki in ba ta son kaya. Sai babban mayafi mai ɗan kauri wanda zai zama bargo in sanyin mota ya yi yawa. In ƙafarta tana kumbura akwai safa mai matse ƙauri da ake sayarwa a kemis saboda doguwar zama, amma in tana da ciwon suga ko matsalar jijiya ko tana da ciki ta fara tambayar likita. Ki kuma samo mata jakar takardu mai zif da ruwa ba ya shiga, ta haɗa fasfo da katin allurar shawara wuri ɗaya, don a kan iyaka ana tambayar katin nan kuma shi ne ya fi saurin ɓata.

Na ji ana maganar wani abu da ake sawa a jaka a san inda take.

E, AirTag na Apple ko SmartTag na Samsung, ɗan abu ne kamar kwabo, batirinsa yana kai wa wajen shekara. Yana da amfani ga mai canza jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha inda akwati kan yi lattin biyo mutum. Ka dai duba wayar da yake riƙewa tukuna, AirTag da iPhone yake aiki, SmartTag da wayar Samsung.

Gaskiya ba ni da kuɗi sosai amma ina so in yi wani abu.

To ai ba sai da yawa ba. Igiyar caja mai kyau guda biyu, don kullum ita ke ɓata ko ta karye. Ƙaramin kwaɗo na jaka. Ƙyalle mai launi mai ƙarfi a ɗaura a hannun akwati don ya gane nasa cikin baƙaƙen akwatuna ɗari. Asuwaki da abin yanke farce a ƙaramar jaka, sai dai almakashi da reza da wuƙa a babban akwati ake sa su. Ko ka tura masa data ranar tafiya.

Akwai kuma wadda ba a saya a kasuwa, kuma ni a ganina ta fi duka. Ka ce masa je ka, zan riƙa leƙa gidan. Ka kai yaransa makaranta ranar da ba mai kai su, ka tambayi iyalinsa ko gas ya ƙare, in Inna ba ta da lafiya ka kai ta asibiti ka kira shi ka ce an gani an ba da magani. Matafiyi jikinsa ne kawai a hanya, rabin hankalinsa yana gida. Muna yara akwai maƙwabcinmu da yake yi mana haka duk lokacin da Baba ya yi nisa, har ya rasu Baba bai daina ambatonsa ba.

In na ba shi kuɗi a hannu ba zai ga kamar raini ba?

A'a, in ka san yadda za ka miƙa. "Ga wannan a sha ruwa a hanya" magana ce da kowa ya sani, babba yana yi wa ƙarami, ƙarami ma yana yi wa babba cikin ladabi, a ambulan ko a dunƙule a hannu ba a gaban jama'a ba. In ƙetare zai je kuma ka samu 'yan canjin ƙasar, ƙananan Riyal ko Sefa, sun fi manyan takardu amfani a ranar farko, ya sayi ruwa ya biya tasi kafin ya nemi wurin canji.

Akwai abin da bai kamata a bayar ba sam?

Duk abin da yake da nauyi ko yake fashewa ko sai an yi masa hidima. Agogon bango, kofunan tangaran, ƙaton hoto mai gilashi, waɗannan ka bari sai ya dawo ka kai masa gida. Kar ka ba shi magani don kai ya yi maka aiki, musamman masu kashe ciwo irin su tramadol da kodin, a Dubai da Saudiyya mutum yana iya shiga babbar matsala a kansu in ba takardar likita. Wanda yake shan maganinsa na kullum ya tafi da shi cikin kwalinsa na asali tare da takardar.

Sannan wannan ina roƙo da babbar murya, kar ka ba matafiyi ƙunshi a rufe, ko kyauta ce gare shi ko saƙo ne zai kai wa wani. Buɗe a gabansa ya gani da idonsa, in kana son naɗewa ku naɗe tare. An sha kama bayin Allah a filin jirgi da kayan da ba su san me ke ciki ba, wani ya ce taimaka ka miƙa wa ƙanina, ashe ƙwaya ce, kuma a Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya yana kai wa ga kisa. In matafiyi ya ce sai ya buɗe saƙonka kar ka ji haushi, kai ma ka ƙarfafa masa gwiwa ya riƙa yi wa kowa haka, har 'yan uwa na jini.

Yaushe ya fi dacewa in ba shi?

Kwana uku ko huɗu kafin tafiya, lokacin da bai rufe jaka ba. In ka bari sai a tasha ko filin jirgi ka sa shi cikin kunya, ba zai iya ƙi ba kuma ba shi da inda zai sa, ga kaya an riga an auna. In fawa bank ne ko tocila ko fanka ka cika musu caji kafin ka kai, ka cire kwalin da ba ya da amfani, fulas kuma ka wanke shi da ruwan zafi yadda da asuba shayi kawai za a zuba masa ya ɗauka.